Yadda direban tirela a Amurka zai sha maganin likita ba tare da ya rasa lasisinsa ba

Da yawa daga cikin ’yan uwanmu da suka kama sana’ar tuƙin manyan motoci a Amurka suna ɗauka cewa muddin likita ne ya rubuta musu magani, to magana ta ƙare. A dokar tarayya ba haka abin yake ba. Hukumar FMCSA, wadda take kula da lafiyar zirga-zirgar manyan motoci a ƙarƙashin ma’aikatar sufuri ta DOT, ta tsara lamarin ta yadda mutum uku ne suke da ta cewa a kan maganin direba: likitan da ya rubuta shi, likitan da yake ba da takardar shaidar lafiya, da kuma likitan da yake duba sakamakon gwajin fitsari. Kowanne da tasa tambayar, kuma kowanne yana son ganin hujja a rubuce.

Tushen ƙa’idar yana cikin sashe na 391.41 na dokokin sufuri. Sashen ya hana direba amfani da ƙwayoyin da gwamnatin tarayya ta sa a rukuni na ɗaya, irin su hodar heroyin, kuma a kan waɗannan babu wani uzuri. Sauran kuwa, wato amfetamin da magungunan kashe zafin ciwo dangin kodin da mofin da duk wani magani mai kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, an halatta su bisa sharaɗi biyu: ya kasance likita mai lasisi wanda ya san tarihin lafiyar direban ne ya rubuta, kuma ya kasance likitan ya shaida wa direban cewa maganin ba zai rage masa iya sarrafa mota lafiya ba. Sharaɗi na biyun ne ake yawan mantawa.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun a ɗakin likitanka, kafin ya ɗora alƙalami a takarda. Ka gaya masa a fili cewa kai direban babbar mota ne mai lasisin CDL, wato lasisin tuƙin manyan motocin kasuwanci, kana iya yin awa 11 a kan sitiyari a rana ɗaya, kuma ana yi maka gwajin ƙwaya na DOT. Likitan da ya ji haka sau da yawa yakan sauya maka magani zuwa wanda ba ya sa gyangyaɗi, ko ya mayar da lokacin shan zuwa bayan ka ajiye mota. Idan babu makawa sai wannan maganin, ka roƙe shi wasiƙa mai ɗauke da sunan maganin, adadinsa, dalilin bayar da shi, da bayanin cewa ba zai hana ka tuƙi lafiya ba. Akwai fom mai lamba MCSA-5895 da aka tanada domin wannan. Cike shi ba tilas ba ne, amma ina ganin ya fi wasiƙa zalla amfani, domin tambayoyin da suke cikinsa su ne ainihin waɗanda mai binciken lafiya, wato likitan da yake ba da takardar shaidar lafiya, yake son amsarsu.

Daga nan sai binciken lafiya na DOT, wanda tun shekarar 2014 ba kowane likita ne yake yin sa ba, sai wanda sunansa yake cikin rajistar hukumar. A fom ɗin da za ka cike, MCSA-5875, akwai wurin da ake neman ka rubuta duk abin da kake sha, har da wanda ka saya ba da takardar likita ba, da na ganye, da na ƙarin kuzari. Ka rubuta duka. Ɓoye magani yana iya soke takardar gaba ɗaya idan aka gano, kuma yana iya jawo hukunci. Ka kuma sani cewa wasiƙar likitanka ba ta ɗaure mai binciken ba. Yana da ikon ƙin ba da takardar, ko ya ba da ta gajeren lokaci. Mafi tsawonta wata 24 ne, amma wanda yake shan maganin hawan jini yawanci ta shekara ɗaya ake ba shi.

Masu ciwon suga da suke yin allurar insulin sun samu sauƙi tun watan Nuwamba na 2018, lokacin da aka daina buƙatar su nemi izini na musamman daga hukuma. Yanzu likitan da yake kula da ciwon ne zai cike fom MCSA-5870, direban ya kai shi wurin mai binciken cikin kwana 45 da sa hannu, kuma ana so ya nuna wa likitansa bayanan awon suga na wata uku daga na’urarsa. Takardar ba ta wuce shekara ɗaya. Wanda yake niyyar azumi ya tattauna da likitansa tun kafin watan Ramadan ya kama, domin faɗuwar suga a kan babbar hanya da kaya a baya ba ƙaramin haɗari ba ne. Maganin farfaɗiya kuwa hukuncinsa ya fi tsanani: wanda yake shan sa don hana faɗuwa ba zai samu takardar tuƙi tsakanin jihohi ba sai ya nemi sassauci na musamman daga FMCSA.

Gwajin fitsari yana neman dangogin ƙwaya biyar: tabar wiwi, hodar iblis, amfetamin, dangin mofin, da PCP, wata ƙwaya mai gusar da hankali. Tun 1 ga Janairu 2018 aka ƙara wasu magungunan kashe zafi huɗu, ciki har da oksikodon da haidirokodon, waɗanda likitan haƙori ko na ƙashi yake iya rubuta wa mutum bayan aiki. Idan aka ga wani abu a fitsarinka, sakamakon ba ya tafiya wurin kamfani kai tsaye. Yana fara zuwa wurin wani likita da ake kira MRO, shi kuma zai kira ka a waya. A kwanakin da suka biyo bayan gwaji, kada ka ƙi ɗaukar baƙuwar lamba. Idan kamfani ya sanar da kai cewa likitan yana nemanka, ka wuce awa 72 ba ka kira shi ba, yana iya yanke hukunci ba tare da ya ji ta bakinka ba.

Abin da zai tambaye ka duk yana jikin kwalbar nan ta roba mai ruwan lemo da kantin magani ya ba ka: sunanka, sunan likita, lambar takardar maganin, ranar da aka ba ka, da wayar kantin. Shi ya sa juye ƙwayoyi cikin leda ko ’yar roba marar rubutu kuskure ne. Ka bar su a kwalbarsu, ka kuma ɗauki hoton rubutun ka ajiye a waya. Idan likitan MRO ya tabbatar da takardar, zai rubuta cewa gwajin ya fita lafiya. Amma idan yana ganin maganin yana da haɗari ga tuƙi, zai ba ka kwana biyar na aiki ka sa likitanka ya tuntuɓe shi, ko za a iya sauya maganin, kafin ya sanar da kamfani damuwarsa. Wanda bai yarda da sakamakon ba yana da awa 72 ya nemi a gwada kwalba ta biyu ta fitsarin da aka raba.

Inda na fi jin tsoro ga mutanenmu shi ne maganin da ake kawowa daga gida. Al’adarmu ce wanda zai dawo daga Kano ko Yamai ko Kumasi ya taho da tsarabar magani, kuma al’adarmu ce mai ciwon baya ya karɓi ƙwaya biyu a hannun abokinsa ko matarsa. Takardar wani ba ta wanke ka ko da ciwonku iri ɗaya ne. Maganin da aka samo a wata ƙasa kuwa, kai ne za ka kawo hujjar cewa ta hanyar doka ka same shi a can, kuma ka sha shi yadda aka tsara. Abin da aka saya a kemis ba takarda ba shi da irin wannan hujja. Maganin tari mai kodin zai bayyana a fitsari. Tiramol ba ya cikin dangogin da ake nema, amma tun 2014 yana cikin ƙwayoyin da doka ta taƙaita a Amurka, saboda haka riƙe shi a mota ba takarda laifi ne. Haɗin gargajiya na ƙarin ƙarfi da ba a rubuta abin da yake ciki ba, ba za ka iya kare shi a gaban likita ba. Haka nan katin shan wiwi don magani da wasu jihohi suke bayarwa, DOT ta sha bayyana cewa ba ta karɓar sa, kuma a 2020 ta yi gargaɗi cewa man CBD, wanda ake samu daga tsiron wiwi, shi ma ba uzuri ba ne idan gwaji ya nuna wiwi.

Wanda gwaji ya kama, nan take za a sauke shi daga mota, a shigar da sunansa rumbun bayanan hukuma da aka buɗe a Janairun 2020, inda duk kamfanin da zai ɗauke shi sai ya duba. Tun 18 ga Nuwamba 2024 jihohi suna janye ikon CDL na wanda yake cikin wannan hali har sai ya kammala matakan komawa aiki: ganin ƙwararre kan matsalar shaye-shaye, bin abin da ya tsara, sabon gwaji, sannan gwajin ba-zata aƙalla shida a shekarar farko. Bayanin yana zama a rumbun aƙalla shekara biyar.

Kada tsoron wannan ya sa ka daina shan maganin hawan jini ko na suga don kawai ka ci bincike, domin waɗannan ba sa cikin abin da ake nema a fitsari, kuma barin su ne zai kayar da kai a awon. Duk sabon magani, ko da na mura ne irin Benadryl mai sa barci, ka fara shan sa a ranar hutu ka ga yadda jikinka zai karɓe shi. Ka duba ko maganin tari na ruwa yana da barasa a ciki, domin awon numfashi na 0.02 kaɗai ya isa a sauke ka daga mota na awa 24. Sannan ka karanta ƙa’idar kamfaninka, domin doka ta ba shi ikon neman ka sanar da shi maganin da kake sha, kuma wasu kamfanonin suna son a sanar da su kafin direba ya tayar da mota.