Darasi na Tara: Injin Sussuka da Tarakta a Gonakin Amurka

Wanda ya ga hoton gonakin Amurka na yau, inda mutum ɗaya yake girbe eka ɗari a cikin inji mai na'urar sanyaya iska, zai yi zaton haka abin yake tun asali. A farkon ƙarni na ashirin ba haka ba ne. A shekarar 1900, cikin kowane mutum goma masu aiki a ƙasar, kusan huɗu manoma ne, kuma ƙarfin da yake jan garmarsu na dawakai ne da alfadarai, waɗanda yawansu ya haura miliyan 25 a wajajen shekarar 1918. Ciyar da waɗannan dabbobi kaɗai yakan cinye kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar da ake nomawa.

Girbin alkama a jihohi irin su Kansas da Nebraska yana da matakai biyu. Da farko dawakai uku ko huɗu sukan ja wani inji da yake yanka alkamar, ya ɗaure ta dami-dami da igiya, ya yar a ƙasa. Mutane suna biye da shi a ƙafa cikin zafin rana, suna tsayar da dammunan a jingine da juna domin su bushe. Mataki na biyu shi ne sussuka, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin shi ne babban aikin shekara.

Injin sussuka ƙato ne, mai tsada, wanda ƙaramin manomi ba zai iya mallaka ba. Saboda haka mutum ɗaya yakan saya ya riƙa bin gonaki ana biyansa gwargwadon hatsin da ya fitar, ko kuma maƙwabta su haɗa kuɗi su saya tare. Shi kansa injin ba ya motsi sai da wani injin tururi mai tukunyar ƙarfe, wanda ake hura wa wuta da kwal ko itace ko karan alkamar. Ana girke shi nesa da tarin kara don gudun tartsatsi, sannan a haɗa su biyun da wani dogon bel. Mai kula da tukunya yakan tashi tun kafin asuba ya hura wuta, wani kuma ba shi da aiki duk yini sai jido ruwa a keken doki, domin idan ruwa ya yi ƙasa a tukunyar tana iya fashewa, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Wasu suna loda dammuna a gona, wasu suna jefa su a bakin inji, wasu suna kwashe tsabar, wani kuma yana tsaye cikin ƙura da ƙaiƙayi yana gyara tarin kara, aikin da kowa yake gudu.

Aikin yakan buƙaci maza goma sha biyar zuwa ashirin, don haka gidajen da suke kusa da juna sukan yi shi bi da bi, yau a gonar wannan, jibi a ta wancan, kamar dai yadda ake gayya a ƙasar Hausa. Nauyin ciyar da taron yana kan matan gidan da aka sauka. Sukan dafa nama da dankali, su gasa burodi a murhun itace, ba tare da lantarki ba, tunda har tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya ce kawai cikin goma take da wuta. Sau da yawa idan ana ba da labarin injuna akan manta da wannan wahala ta mata, alhali in babu ita, aikin ba zai kai azahar ba.

Tarakta mai amfani da fetur ko kananzir ta fara bayyana tun 1892, lokacin da John Froelich ya ƙera tasa a jihar Iowa, amma na farkon manya ne masu nauyi ƙwarai. Wadda ta shiga hannun talaka ita ce Fordson, wadda Henry Ford ya fito da ita a 1917, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya kwashe samari da dawakai daga gonaki, har gwamnatin Birtaniya ta sayi dubban wannan tarakta. A 1922 aka karya farashinta daga dala 625 zuwa dala 395. Tana da aibi babba: idan garma ta sarƙe da dutse ko kututture, gabanta yakan ɗaga ta kife ta baya a kan direba. Hanyar haɗa garma da tarakta ta wurare uku, wadda Harry Ferguson ya ƙirƙiro, ita ce ta magance wannan daga baya.

Akwai kuma masu sayar da tarakta marasa inganci da alkawuran ƙarya. Wani manomi ɗan majalisar jihar Nebraska, Wilmot Crozier, bayan an cuce shi a irin wannan ciniki, ya jagoranci kafa doka a 1919 wadda ta wajabta a gwada kowace irin tarakta a jami'ar jihar kafin a sayar da ita a can. Daga nan manomi ya samu damar karanta ainihin ƙarfin inji a takarda kafin ya fitar da kuɗinsa.

Da injin da yake yanka ya sussuke a lokaci guda ya yaɗu, taron sussuka ya watse, domin aikin mutum ashirin ya koma na mutum biyu ko uku. 'Yan ƙodago da masu noma ƙasar haya da yawa suka nufi birane. Duk da haka sauyin bai zo da gaggawa ba, sai a shekarun 1950 yawan tarakta ya wuce na dawakai da alfadarai a gonakin ƙasar.

Aikin aji

Ku lissafa dala nawa aka rage a farashin Fordson a shekarar 1922, ku rubuta amsar da lambobi da kuma kalmomi. Bayan haka kowa ya rubuta jimla uku a kan yadda ake raba aiki a gayya ko a wurin injin casa na garinku, ya faɗi wanda yake ɗaukar nauyin abinci. Wanda ya taɓa hayar tarakta ya bayyana wa aji abin da ya bincika game da ita kafin ya biya.