Yadda ake ɗauko kayan da jama'a suka ƙera a saka cikin wasan Godot

Mai haɗa wasan kwamfuta shi kaɗai ba sai ya zana kowace bishiya da hannunsa ba. Mutane da yawa sun riga sun sha wannan wahalar sun ajiye kyauta: zane-zane, sautuka, da ƙananan manhajoji da ake jona wa injin wasa don ƙara masa aiki. Zan yi bayani da Godot, injin wasa (wato manhajar da ake haɗa wasa a cikinta) da Juan Linietsky da Ariel Manzur suka buɗe wa kowa a 2014, domin da shi nake aiki.

Kafin ka taɓa komai, ajiye kwafin aikinka. In kana amfani da Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauyen aiki, adana inda ka tsaya. In ba ka yi, kwafi jakar gaba ɗaya ka ajiye gefe.

Sai ka duba siga, wato wane Godot aka yi wa kayan, 3 ko 4. Godot 4 ya fito a Maris 2023, kuma ya sauya GDScript, yaren da ake rubuta umarnin wasa da shi a Godot, sosai, don haka abin da aka rubuta wa Godot 3 yawanci ba zai tashi a kan 4 ba sai an yi masa gyara. Shafin AssetLib, rumbun kayan jama'a da ke saman edita (tagar da kake aiki a cikinta a Godot), yana tace maka wanda ya dace da sigarka, amma in daga GitHub ka ɗauko, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kai ne za ka duba da idonka. Ka kuma lura da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe.

Lasisi kuwa, nan nake so ka zauna ka natsu, domin nan aka fi yin sakaci. Kyauta ba iri ɗaya ba ce. CC0 na nufin mai abu ya yafe haƙƙinsa, ka yi yadda kake so, har sayarwa. Kayan shafin Kenney, mai raba kayan haɗa wasa, a haka suke, shi ya sa nake tura sabon shiga can. CC BY yana neman ka ambaci sunan mai zanen. CC BY-SA ya ƙara sharaɗi: in ka sauya zanen, sabon ma sai ka sake shi da wannan lasisin. Duk inda ka ga NC, to ba a yarda ka nemi kuɗi da shi ba. MIT, wanda Godot kansa ke ƙarƙashinsa, yana so ka haɗa rubutun lasisin cikin abin da ka rarraba. A shafukan OpenGameArt (na kayan wasa) da Freesound (na sautuka) kowane kaya da nasa lasisin, kada ka ɗauka na kayan da ka sauke jiya shi ne na wanda ka sauke yau.

Buɗe fayil ɗaya tun ranar farko, ka riƙa rubuta sunan kaya, mai shi, inda ka samo, da lasisinsa. Na taɓa ɓata yini guda ina neman asalin wata ƙarar buɗe ƙofa da na sauke watanni baya, ƙarshe dole na cire ta, alhali ta fi duk sauran dacewa.

Yanzu sakawa. A AssetLib danna Download, taga za ta nuna maka fayilolin da za su shiga. Jakar addons kake bukata, sauran misalai ka bar su kada su cika maka aiki. Daga nan shiga Project Settings, shafin Plugins, inda manhajojin da ake jonawa suke, ka kunna abin da ka sauke. In bai bayyana ba, leƙa ko fayil ɗin plugin.cfg yana cikin jakarsa a ƙarƙashin addons, sannan ka rufe edita ka sake buɗewa. Ka sani irin wannan manhaja a cikin editanka take gudana, tana iya taɓa fayilolinka, saboda haka kada ka saka abin da ba ka san tushensa ba. Kuma ɗaya bayan ɗaya ake sakawa, a gwada wasan, sannan a ƙara wani.

Zanen fiksel, wato wanda ake ginawa da 'yan ɗigo-ɗigo masu kusurwa huɗu, yana da nasa tarkon. Kada ka gwama mai 16×16 da mai 32×32, ido yana ganewa nan take. In ka ga ya yi dishi-dishi, je Default Texture Filter a saitin Rendering ka mayar da shi Nearest.

In ka ci karo da matsala a kayan wani, rubuta masa a shafin aikin: sigar Godot ɗinka, abin da ka danna, da saƙon kuskuren yadda ya fito. Da waɗannan ukun zai iya maimaita matsalar a kwamfutarsa ya gyara.