Yadda ake wanke kayan saƙar hannu ba tare da sun lalace ba

Gaskiya abin yana min ciwo in ga rigar da wani ya zauna sati uku yana saƙawa ko yana mata aiki da allura, wanki ɗaya ta tashi daga aiki. Ni ma ya taɓa faruwa da ni, wata suwaitar ulu da yayata ta saƙa min da hannunta, na jefa ta ruwan zafi na cuɗa sosai wai don ta fita, da ta bushe sai ga ta ta motse ta yi tauri kamar tabarma, ko yaro ɗan shekara biyar ba za ta shiga ba. Ranar na yi kuka wallahi.

To kafin ki taɓa ruwa ki fara sanin zaren da ke hannunki. Auduga da lilin daga tsiro suke, suna da juriya, in sun jiƙe ma ƙarfi suke ƙarawa. Ulu da siliki kuwa daga dabba suke, ɗaya gashin tunkiya ɗaya zaren tsutsa, kuma su ne masu shagwaɓa. Siliki in ya jiƙe rauni yake yi. Shi kuma ulu kowane silin gashi yana da wasu ƴan ɓawo-ɓawo a jikinsa, in zafi da cuɗa suka haɗu sai su sarƙe da juna, shi ne motsewar nan, kuma in ta faru ta faru ba gyara.

Sai gwajin kala. Ki samu farin tsumma ki ɗan jiƙa, ki danna a cikin kalmasa ko wani lungu da ba a gani, in kika ga launi ya fito a tsumman to kayan nan yana zuba, shi kaɗai za ki wanke shi kuma kar ki jiƙa shi ya daɗe. Rinin shuni musamman, wankin farko da na biyu sai ya zubar.

Ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan, kar ya wuce digiri 30. Maganar sabulu kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure, don yawancin garin sabulun wanki akwai sinadarin da aka sa masa don ya narkar da tabon jini da gumi, to ai ulu da siliki ma furotin ne irin wannan tabon, kin ga kenan a hankali zaren yake ci. Ki nemi sabulun ruwa marar ƙarfi wanda aka yi don ulu, in babu, shamfu na jarirai ma yana yi, cokali ɗaya ya isa baho. Bilic kam dan Allah ko kusa, narkar da ulu da siliki yake.

Ki kaɗa sabulun a ruwa tukuna, ki juya rigar, cikinta ya koma waje, ki nutsa ta ki riƙa dannawa da tafin hannu a hankali, ba dirza ba buroshi. Minti biyar ya ishi siliki, ulu ya kai goma ba laifi. Wuya da hammata ki shafa da yatsa kawai. Ruwan ɗauraya ya zama zafinsa ɗaya da na wankin, don sauyin nan na farat ɗaya shi ma yana motsar da ulu. In za ki ɗago ta ki tallafo ta duka da hannu biyu, kar ki ja ta kafaɗa ruwa na jan ta ƙasa.

Kar ki murɗe! Ki shimfiɗa ta kan busasshen tawul, ki naɗe su tare kamar tabarma ki danna, tawul ɗin zai shanye ruwan. Duk abin da aka saƙa, na kwarashi ne ko na allura biyu, a kwance ake shanya shi, ki gyara masa hannu da wuya da yatsunki yadda yake tun asali, don in kika rataya a igiya nauyin ruwa zai zazzago da shi ya yi tsawo. A inuwa kuma inda iska ke kaɗawa, rana tana kodar da rini tana sa farin siliki ya yi rawaya.

Wajen guga in akwai ɗan ƙyallen bayani ki duba ɗigon cikin hoton dutsen guga, ɗigo ɗaya ƙaramin zafi ne, biyu matsakaici, uku zafi sosai. Siliki ƙaramin zafi, ulu matsakaici da ɗan damshin tsumma a kai, auduga da lilin su ne masu ɗaukar zafi sosai kuma sun fi miƙewa da sauran danshi. Mai aikin zare ki kifa shi kan tawul ki goge ta baya, aikin zai fito ras bai kwanta ba.

Ajiya kuma sai a wanke, ko da sau ɗaya kika sa, don tsutsar asu inda gumi yake take bi ta huda. Ki tabbatar ya bushe ƙayau, ki ninke ki sa a jakar auduga ba leda ba, leda tana riƙe danshi ta kawo funfuna. Saƙa ba a sa ta a hanga, kafaɗar takan yi ƙaho. Duk bayan ƴan watanni ki fito da su su sha iska, ki sauya inda kika ninke don kar layin ya zauna ya karya zaren.