Yadda ake mai da hoton fure mai kala baƙi da fari ba tare da ya koma toka ba

Duk wanda ya yi bazara a Yamai ya san itacen nan da ake kira fulambwayan. Sai zafi ya kai intaha, wajen Afrilu da Mayu, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake, shi kuma ya kama da ja kamar an cinna masa wuta. Bara na tsaya ƙarƙashin wani a hanyar da ke gangarawa gulbi, na ɗauki reshe guda da salulata, fure jawur a kan ganye kore shar. Da na koma gida na ce bari in mai da shi baƙi da fari, irin hotunan iyayenmu na cikin akwati. Na danna maɓalli guda. Abin da ya fito kamar an watsa toka a faranti, ba ka gane ina fure ya tsaya ina ganye ya fara.

Na kai wa wani dattijo mai shagon hoto a unguwarmu, wanda ya yi aiki tun zamanin fim da ɗakin duhu. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Ɗana, ai kalar kawai ka zubar. Mu da can, in za mu ɗauki jan abu, sai mun ɗaura jan gilashi a bakin kyamara." Na ce, "Baba, yanzu ina zan samo jan gilashi?" Ya ce, "Yana cikin wayar nan taka, nema ne ba ka yi ba."

Ga dalilin tokar. Kowane ɗigo na hoton salula haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowanne yana da lamba daga 0 zuwa 255. In ka danna maɓallin baƙi da fari, na'ura takan yi lissafi guda ga kowa. A tsohon ma'aunin talabijin, wanda manhajoji da yawa ke bi har yau, ana ɗaukar kusan kashi 30 cikin ɗari na ja, 59 na kore, 11 na shuɗi. Mu ce jan furen nan ja 220 ne, kore 50, shuɗi 30: lissafi zai ba da 99. Ganyen kuma ja 60, kore 120, shuɗi 40: zai ba da 93. Tsakanin 99 da 93 ido ba ya ganin komai. Launi ne ya raba su tun farko, da ka cire shi sun zama ɗan Juma da ɗan Jummai. Aikin gaba ɗaya shi ne ka karɓe wannan lissafi daga hannun na'ura, kai ka faɗi wane launi zai yi haske, wane zai yi duhu.

Mataki na farko: zaɓen hoton

Ba kowane fure ne ke jure rasa kalarsa ba. Bugambiliye da ta lulluɓe katanga, daga nesa, kyanta duk a launi yake, in ka cire sai ta zama tarin yayi. Wanda ke tsira shi ne mai siffa, ko mai jijiyoyi, ko wanda haske ya faɗa masa ta gefe. Furen kuɓewa da na yakuwa sun dace ƙwarai, domin fallayensu masu haske ne, tsakiyarsu kuma ja ce mai duhu, tun a gona sun riga sun yi rabin aikin. Bado a tafki bayan damina, fari a kan baƙin ruwa. Tumfafiya, wadda kowa ya raina a bakin juji, in ka matsa kusa za ka ga taurari masu kaurin fata kamar an sassaƙa su. Kariya da rani, fure a kan reshe tsirara ba ganye. Mutanen Tawa kuma suna da nasu a gonakin albasar iri wajen Galmi, farin dunƙule a kan dogon kara.

Wani Bajamushe, Karl Blossfeldt, wanda ya rasu a 1932, ya shafe shekaru yana koyarwa a Berlin yana ɗaukar toho da tsirrai da kyamarar da ya haɗa da hannunsa, kusa sosai, a gaban bango marar ado. Ɗalibai masu koyon zane da ƙira yake yi wa, su ga siffa. Wannan idon nake so ka ara: ka runtse ido ka dubi hotonka, in har yanzu kana gane furen, to ya cancanci wahala.

Mataki na biyu, ga wanda bai riga ya ɗauka ba

Ɗauki da kala. Kada ka sa wayar a baƙi da fari tun wajen ɗauka, domin launin da ka zubar a nan shi ne kayan aikinka a gaba. In wayarka ko kyamararka tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da na'ura ba ta matse ba tukuna, kunna shi. JPEG, irin hoton da waya ta saba ajiyewa, matakin haske 256 gare shi a kowane launi, RAW mai bit 12 yana da 4096, saboda haka yana jure ja da murɗa ba ya tsattsagewa.

Jan fure yana saurin ƙonewa a hoto, wato jan ya cika ya batse har jijiyoyin fallen su ɓace. Taɓa furen a fuskar waya, ka rage hasken kaɗan kafin ka danna. Guji ranar tsaka. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi, kuma hazon hunturu da muke ƙorafi a kansa alheri ne ga mai hoto, yana tace rana ya tausasa inuwa. Sai dai ƙura. A kala ba ka cika lura da ita ba, a baƙi da fari kuwa kowace ƙwaya sai ta fito kamar ƙuraje, don haka hura furen tukuna. In bayansa akwai katangar bulo da leda da akuya, sa ƙanenka ya riƙe baƙin gyale kamar taku biyu a baya. Masu sayar da dashe a lambunan bakin gulbi wajen Yantala ba sa hana ɗauka in ka yi sallama ka nemi izini, kuma ya kyautu ka sayi ko ƙaramin tukunya guda.

Mataki na uku: gyara tun yana da kala

Yi kwafi, asalin ka bar shi. Yanke gefen da ba ya ƙara komai, ka goge tabo da ɗigon ƙura. Shi ke nan a nan.

Mataki na huɗu: rabon haske tsakanin launuka

Nan ne jan gilashin Baba yake. Ƙa'idar guda ce tun zamanin fim: filta, wato gilashin launin da ake ɗaurawa a bakin kyamara, tana haskaka launin da ya yi kama da ita, ta duhunta kishiyarsa. Ja tana haskaka ja da ruwan goro, ta duhunta kore da shuɗi. Koriya tana haskaka ganye ta duhunta jan fure. Rawaya mai sauƙin hali ce, kaɗan take taɓawa.

A Snapseed, manhajar Google ta kyauta, buɗe hoton ka shiga kayan aiki ka zaɓi Noir et blanc, wato baƙi da fari, tunda yawancin wayoyinmu da Faransanci suke. A ƙasa akwai alamar filtar launi: ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi. Danna su ɗaya bayan ɗaya, kana kallon furen. Da na sa ja a kan fulambwayan ɗina, furen ya tashi fari-fari, ganye ya nutse, har ɗan fallen nan guda mai zane-zane ya fito. Da na sa kore, abin ya juye: fure baƙi ƙirin kamar karan-miski, ganyen kuma ƙananan nan suka yi haske kamar leshi. Duka biyun hoto ne, kuma na biyun na fi so, ko da yake ba shi na fita nema ba.

Manhajar Lightroom ta waya ta fi ba da iko. Bayan ka mai da hoton baƙi da fari a sashen launi, akwai mahaɗi mai launi takwas, kowanne da layinsa da ake ja dama ya yi haske, hagu ya yi duhu. Photoshop a kwamfuta yana da irinsa mai layi shida tun fitowar CS3 a 2007, GIMP kuma, wanda kyauta ne, yana da mahaɗin ja da kore da shuɗi. A GIMP ka kula jimillar ukun ta tsaya kusa da 1, in ta wuce sosai farin zai ƙone.

Abu biyu da na koya da wahala. Ganye a idon kyamara rawaya ya fi yawa a cikinsa, saboda haka in ka ja layin kore ganye ya ƙi motsi, ja na rawaya. Matsalar ita ce furen kabewa ko na bagaruwa, da suke rawaya su ma, za su bi ganyen su duhunta tare. A irin wannan sai ka bar rawaya sama, ka duhunta bayan da hannu a mataki na gaba. Na biyu, kada ka ja layi har ƙarshe. In ka kai ja can dama, kore can hagu, za ka ga wani farin zare ya kewaye bakin furen kamar an yanko shi da reza an manna. Buɗa hoton da yatsu biyu ka duba gefen fallen, da ka ga zaren ka koma baya. Filtar shuɗi kuma takan fito da yashi-yashi a hoton waya, ban cika taɓa ta ba sai ga fure mai ruwan shunayya.

Ga yadda nake yi a taƙaice. Fure ja ko ruwan hoda a kan ganye: ja sama, kore da rawaya ƙasa, ko akasin haka in ina son baƙin fure. Farin fure kamar bado ko zogale: filta ba ta canza furen sosai, bayansa take gyarawa, don haka ja ko ruwan goro. Fure a gaban sararin sama mai shuɗi bayan ruwan damina: ja, sama ta yi duhu furen ya fito. A hunturu sama fara ce fat, babu filtar da za ta cece ta, gara ka kauce mata tun wajen ɗauka.

Mataki na biyar: baƙi ya zama baƙi, fari ya zama fari

Hoton da ya tsaya duk a tsakiya shi ne ke kama da toka. A Snapseed buɗe Courbes, kayan aikin lanƙwasa layin haske. Layin da ke ciki, ƙasansa inuwa ne, samansa haske. Sa ɗigo a kashin ƙasa ka ja shi ƙasa kaɗan, sa wani a kashin sama ka ɗaga kaɗan, ya yi kamar harafin S mai kasala. A samu wuri ko ƙarami da ya yi baƙi sosai, da wuri da ya kusa fari. Kusa na ce. Farin fallen da ya kai 255 takarda ce kawai, babu jijiya babu laushi. Dubi ɗan zanen nan mai kamar tudu da manhajar ke nuna rabon hasken hoton da shi, kada ya haɗe da bangon dama.

Daga nan sai hannu. Masu ɗakin duhu da tafin hannu da kwali suke tare haske ko su ƙara shi a wani sashe na takarda. Philippe Koudjina da ire-irensa da suka ɗauki daren Yamai a shekarun 1960 da 1970 a irin wannan ɗaki hotunansu suka fito. A Snapseed Pinceau, wato buroshi, ke wannan aiki: sa shi a +5 ka shafa tsakiyar furen da bakin fallen da haske ya taɓa, sa shi a -5 ka shafa ganyen da ke jan ido a gefe. Ido yana zuwa wuri mafi haske ne da farko, to kada wurin ya zama wata farar leda a kusurwa. Sannu a hankali, shafa biyu masu sauƙi sun fi guda mai nauyi.

Structure, da ke cikin Détails, yana fito da jijiyoyi. Ga tumfafiya da busasshen kan albasa ƙara shi ba laifi. Ga fallen kuɓewa mai taushi kuwa, in ka wuce kima sai ya koma kamar fatar guza. Vignettage, wato duhunta gefunan hoto, kaɗan, yadda ba wanda zai lura an sa. Ni ba na son ruwan ƙasa-ƙasan nan da ake zuba wa hoto don ya yi kamar tsoho, amma wannan ra'ayina ne.

Kafin ka ajiye, aje wayar ka sha ruwa, ka dawo bayan minti goma. Sau da yawa za ka ga ka yi yawa, ka rage.

Ajiyewa da wankewa

Fitar da kwafi da inganci mafi girma. In za ka tura wa mai wanke hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, domin in ka tura shi a matsayin hoto manhajar takan matse shi, kuma a baƙin bango ne matsin ya fi nunawa, ya yi layi-layi. Don takarda mai santimita 10 da 15 kana bukatar kusan ɗigo 1200 da 1800, wato 300 a kowane inci.

Fuskar waya tana da fitila a bayanta, takarda ba ta da, shi ya sa abin da ka gani daidai a waya yakan fito da duhu. Ƙara haske kaɗan a kwafin da za a wanke. Injin wanke hoto mai kala kuma wani lokaci yakan sa wa baƙi da fari ɗan kore ko ɗan ruwan hoda. Nawa na farko kore-kore ya fito, kamar ya kwana a miyar kuka. Ka ce a fara wanke maka ƙarami guda, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar shago ba. Ka roƙi mai injin ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa, in kuma yana da takarda marar ƙyalli, ita za ka zaɓa, sannan a wanke babban.