Babi na Bakwai: Takardun Fitar da Kaya Zuwa Ƙasar Waje

Wannan babi na masu son sayar da acca, riɗi, citta ko zoɓo ga mai saye a ƙasar waje ne. A ɗauko biro da littafin rubutu da rula. Wanda karatunsa bai yi sauri ba kada ya damu, layi-layi za mu bi.

Darasi na ɗaya: takardu uku na farko

Kafin ka yi cinikin ko buhu ɗaya, sai ka mallaki takardu uku. Ta farko ita ce rajistar kamfani daga hukumar CAC. Ta biyu lambar haraji, wadda ake kira TIN. Ta uku satifiket ɗin mai fitar da kaya daga hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kaya waje, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta kuma tana Maitama a Abuja. Ba sai ka taso daga Jos ka tafi Abuja ba, ta intanet ake cike rajistar. NEPC tana yi wa kamfani da ƙungiyar gama kai rajista, don haka mata masu sussukar acca da manoma za su iya haɗuwa su yi a ƙungiyance. Satifiket ɗin shekara biyu yake yi, sai a sabunta.

Yanzu ɗauko takardar CAC. Nemi layin da aka rubuta sunan kamfanin. Ɗora rula a ƙarƙashinsa. Kwafe shi a shafin farko na littafinka, harafi bayan harafi, da manyan baƙaƙe. Idan ka gama, ƙirga haruffan da ke takardar, ka ƙirga naka. Idan ba su zo daidai ba, sake kwafewa. Ba abin kunya ba ne a kwafe sau uku.

Daga yau duk inda aka ce ka rubuta sunan kamfani, daga wannan shafi za ka kwafa. Kada ka rubuta da ka.

Darasi na biyu: suna ɗaya, lamba ɗaya, a kowace takarda

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe.

Kaya guda ɗaya takardu da yawa ne suke raka shi. Akwai takardar farashi, wadda 'yan kasuwa ke cewa inbois, ita ke faɗin abin da ka sayar da kuɗinsa. Akwai takardar jerin kaya, mai faɗin yawan buhuna da nauyinsu. Akwai fom ɗin NXP na banki, wanda da shi ake sanar da hukuma kayan da za a fitar da kuɗinsu. Akwai takardar lafiyar kaya. Akwai takardar da kamfanin jirgi yake bayarwa bayan an yi lodi. Jami'in kwastan na can ƙasar bai san ka ba, bai san gonarka ba. Abin da zai yi shi ne ya jera takardun nan ya duba ko bakinsu ɗaya. Idan ɗaya ta saɓa, sai ya tsare kwantenar, kuma kowace rana da ta yi a tasha akwai kuɗin ajiya da ke hawa kanka.

Abu huɗu ne dole su zo iri ɗaya a ko'ina: sunan kamfaninka, sunan mai saye da adireshinsa, sunan kayan, da nauyi.

Mu fara da suna. Idan a takardar CAC an rubuta Muhammad, to Muhammad ne a ko'ina. Ba Mohammed a inbois ba, ba Muh'd a fom ɗin banki ba. A gida mun san mutum ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta mutum uku ne. Haka sunan mai saye. Ka ce ya turo maka sunansa da adireshinsa a rubuce, ka kwafe su a shafi na biyu na littafinka. Kada ka karɓa ta waya da baki.

Sai nauyi. A ce kana da buhu 360 na acca, kowanne kilo 50. Ninka 360 sau 50, ya ba ka kilo 18,000, wato ton 18. Wannan nauyin tsabar accar ne. Akwai nauyi na biyu, wanda ya haɗa da buhunan kansu. Idan kowane buhu babu komai a cikinsa giram 100 ne, buhu 360 sun zama kilo 36, jimla kilo 18,036. Gurbi biyu ne a fom, kowane da lambarsa. Ka rubuta duka biyun a shafi na uku, ka sa wa kowace alama. Mudu da tiya ba sa shiga takardar waje, sikeli kawai.

Duba yadda aka rubuta 18,000. Waƙafi ne tsakanin 18 da sifili uku, ba ɗigo ba. Idan ka sa ɗigo, wani zai karanta kilo 18 kacal. Ƙirga sifilin da yatsa: ɗaya, biyu, uku. Kwanan wata ma haka. Mu muna fara rubuta rana sannan wata, mutanen Amurka kuwa wata suke farawa da shi, don haka 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu 4 ga Maris. Ka rubuta sunan watan da haruffa, magana ta ƙare.

Kowane kaya yana da lambar da duk kwastan na duniya suka san shi da ita, ana ce mata lambar HS. Ta acca 1008.40, ta riɗi 1207.40, ta citta da ba a daka ba 0910.11. Sifilin farkon lambar citta yana ciki, kada a yar da shi. Kwafe lambar kayanka a shafi na uku.

Aikin aji: malami zai raba takardu biyu na gwaji. Ɗora su gefe da gefe. Yatsan hagu a kan ɗaya, na dama a kan ɗaya. Karanta da ƙarfi, harafi-harafi. Duk inda suka saɓa, zagaye shi. Idan ka gama, ba na kusa da kai ya sake dubawa, ido biyu ya fi ɗaya. Madalla da wanda ya samo ko kuskure ɗaya, ya fara ganewa.

Amma ku ji da kyau. Wasu sun iya wannan sarai a aji, sai ranar aiki su miƙa wa eja, wato wakilin da ke bin takardun kaya, komai su ce ya cike, su sa hannu ba su karanta ba. Wannan sakaci ne. Sunanka ne a takardar, ba na eja ba, kuma kai za a nema. Me ya sa kuka zo koyon karatu in ba don irin wannan rana ba? Ko eja ne ya cike, buɗe littafinka, shafi na ɗaya, na biyu, na uku, ka gwada kafin ka sa hannu.

Darasi na uku: fom ɗin NXP da dawowar kuɗi

Ta bankinka ake buɗe NXP, kuma kafin kaya su tashi ake buɗe shi, ba bayan sun tafi ba. Ka je da inbois na share fage, wato wanda ake yi kafin kaya su tashi, da satifiket ɗin NEPC da TIN, ka kuma buɗe asusun kuɗin waje na kamfani. Akwai harajin duba kaya da ake kira NESS, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kayan. Kayan dala 20,000 harajinsu dala 100 ne, a banki ake biya, ka ajiye rasit. Bayan haka masu duba kaya na gwamnati za su duba su ba da takardar shaida.

Dokar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan da ba na man fetur ba su shigo wannan asusu cikin kwana 180 daga ranar da ke kan takardar jirgi. Kada ka yarda mai saye ya tura wa ɗan'uwanka da ke can, ko ya biya ta hannun ɗan canji. A idon banki ba a biya ka ba ke nan, kuma akwai hukunci.

Kafin ka miƙa fom ɗin, gwada suna da nauyi da na littafinka. Na san an faɗa. A sake gwadawa.

Darasi na huɗu: lafiyar kaya

Kayan gona suna buƙatar takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS. Idan an sarrafa su an ƙulla a leda, kamar garin acca, sai NAFDAC. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, irin fiya-fiyar da ake zuba wa hatsi a sito. Kada a zuba. A shanya kaya a kan tamfol, ba a bakin kwalta ba, su bushe sosai kafin a ɗura, domin danshi ke kawo fumfuna, gubar fumfuna kuma tana sa a mayar da kwantena guda. Acca ta samu izinin shiga kasuwar Tarayyar Turai a 2018, amma tsakuwa da yashi suna ɓata ta, a rairaye da kyau.

Ka tambayi mai saye irin gwajin da ƙasarsa take nema, ya ba ka a rubuce.

Darasi na biyar: abin da ba a fitarwa

Masara, katako, ɗanyar fata da ƙirgi, tsofaffin ƙarafa, namun dajin da ke ƙarewa, da kayan tarihi irin gumakan Nok da ke gidan tarihi na Jos. Jerin yana canzawa, a Agustan 2025 an dakatar da fitar da ɗanyar kaɗanya na wata shida. A tambayi kwastan kafin a sayi kaya.

Darasi na shida: farashi

Idan an rubuta FOB a jikin farashi, kai za ka kai kaya har cikin jirgi a tashar Legas ko Onne, kuɗin motar daga Jos a wuyanka yake. Idan CIF ne, har kuɗin jirgi da inshora kai za ka biya. A lissafa kafin a faɗi farashi.

Aikin gida: kowa ya zo da littafinsa, shafi ukun nan a cike.