Kurakuran da sabbin ma'aikata ke maimaitawa wajen rage motoci a titi

Duk shekara sai yaran da suka fara aikin tsara birane sun kawo mini shawarwari iri ɗaya, har na gaji.

Kuskure na farko ni ya fara ci. Ina sabon shiga, na matsa aka sa bas kyauta ga ma'aikata a wata unguwar ofisoshi. Bas ta cika maƙil, na rubuta rahoto ina murna. Wata safiya ogana ya kama hannuna ya kai ni wajen fakin, ya ce in ƙirga. Ko mota ɗaya ba ta ragu ba. Waɗanda suka cika bas ɗin dama masu tafiya a ƙasa ne da masu hawa adaidaita. Aka tsayar da shirin, na daɗe ba a ba ni wani aiki mai nauyi ba. Haka Tallin ta ƙasar Istoniya ta gani bayan ta mayar da sufuri kyauta a 2013: fasinjoji sun ƙaru, yawan motoci kuwa da ƙyar ya ragu. Mai mota ba kuɗin bas ne ya dame shi ba, jira a rana ne da rashin sanin lokacin isa. Ni yanzu kafin in taɓa komai, sai na yi mako guda da littafi a hannu ina ƙirga motoci da ƙarfe takwas na safe.

Sai masu cewa a hana fita bisa lambar mota. Haba! Birnin Meziko ya yi haka tun 1989, kowace mota ta huta rana ɗaya a mako. Masu hali suka sayo tsohuwar mota ta biyu mai hayaƙi, talaka ya sha wahalar. Wanda ya sake kawo mini wannan, takardarsa zan miƙa masa.

Faɗaɗa titi ma bai rage mota. Hustan ta Amurka ta faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, cunkoso ya dawo cikin 'yan shekaru. Fakin kyauta a bakin ofis kuwa gayyata ce.

Abin da ya yi aiki shi ne kuɗin shiga tsakiyar gari. Landan ta fara da fam 5 a 2003, Sitokholm ta ƙasar Suwidin ta gwada a 2006 motoci suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Amma ku lura, dukansu sun ƙara bas-bas tare da kuɗin. Kar ku kwafo rabin nan mai kawo kuɗi ku bar rabin da ke cin kuɗi.