Yadda na gyara shaƙewar totur a motar MGB ƙirar 1969

Injin yana sulo lafiya, amma da an taka totur sai ya shaƙe kafin ya ɗauka. Laifin na kafireta ne, samfurin SU HS4 guda biyu: man da ke saman fistin da ke cikin kowace kafireta, mai rage masa saurin tashi, ya ƙafe. Idan babu mai, fistin yana zabura sama, iska ta rinjayi fetur.

Na kwance murfin kowace daban, kada a musanya su, na wanke fistin da fetur. Kada a goga samfefa, tana ɓata ma'aunin tazarar da ke tsakanin fistin da murfin har abada. Da na mayar, na ɗaga fistin na saki, ya faɗo da ƙara “ƙas”, alamar allurar da ke ƙarƙashin fistin, mai daidaita fetur, ba ta gogar gefen raminta. Sai na zuba man inji mai kaurin SAE 20 a saman fistin, shaƙewar ta ɗauke.